Adon kan amarya: wanne za a saya, wanne za a ara?

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filinmu na wannan mako, saboda waɗanda shirin ya wuce su suna daji da dabbobi ko suna kan hanya da kaya.

An yanke riɗi, dawa ta kusa shiga buhu, kuma azumi yana tafe. Kun san abin da wannan ke nufi a ƙauyukanmu, daga Abu Na'ama da Wad an-Nil har Maiwurno: kowane gida mai budurwa yana so a ɗaura kafin watan ya tsaya. Tambayar da ta fi yawa cikin saƙonninku ba ta sadaki ba ce, ta abin da amarya za ta ɗora a ka ce. Wani ya ce an yanka masa kuɗin ɗagiya da jadla har yana tunanin kai karsana kasuwa. Wata uwa ta ce tana jin kunyar a ce 'yarta da kayan aro aka kai ta.

To, amsarmu guda ɗaya ce, sauran duk bayani ne. Adon kan amarya kashi biyu ne: akwai na yini ɗaya, akwai na ajiya. Na yini ɗaya a ara ko a yi haya. Na ajiya a saya da awo da shaida, ya zama nata. Asara tana shigowa ne idan aka zuba kuɗin ajiya a kan kayan yini ɗaya.

Me ake ɗorawa a kan amarya a nan?

Amaryarmu ta gaji gida biyu. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa, wasu kan hanyar hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya zauna a bakin Bahar Azrak a 1906, garin ya ci sunansa. Daga wancan gidan muka taho da kitso, da ɗankwali, da lulluɓin da ake rufe amarya da shi har ranar buɗar kai. Daga maƙwabtanmu Larabawan bakin kogi kuma muka ɗauki jan tob da kayan jirtik. Ba kowane gida ke yin jirtik ba, wasu malamai ma ba su son sa, amma kayan adonsa sun shiga kusan ko'ina. Ga su, don kai uban amarya ka san abin da ake kira maka kuɗinsa:

Ɗagiya: hula ce da ake jera wa kuɗin zinari, ta rufe tsakar kai ta sauko goshi. Ita ce mafi nauyi, ita ce mafi tsada.

Jadla: jerin ado ne da ake ɗaurawa a gashi yana bin kitso.

Zumam da rashma: zoben hanci, da siririyar sarƙa da ke tashi daga hanci ta maƙale wajen kunne.

Fidwa: manyan 'yan kunne masu siffar jinjirin wata.

Darira: wannan ba ƙarfe ba ce, garin sandal ne da mahlab da ake kwaɓawa a ɗora a kan ango da amarya.

Hilal: ɗan jinjirin wata da ake ɗaura wa ango a goshi da jan ƙyalle. A tuna an hana namiji sa zinari, don haka na tagulla ya wadatar.

Ga kuma abin da ya shigo daga baya: kambin duwatsu masu ƙyalli da ake sawa da farar riga, da tsinkunan gashi, da furannin roba. Sai goggoro da ɗaurin ture-ka-ga-tsiya da 'yan matanmu ke gani a finafinan Kano. Abin dariya, mu muna kwaikwayon ɗaurinsu, su kuma can amarya ba ta cika ba sai an yi mata dilka da halawa da humra irin namu.

A rugage kuwa, ku makiyaya kun fi mu sani: kwabban azurfa da ake kitsawa cikin gashi, da murjani, da tsakiya, da wuri.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a taɓa garke

Bari mu auna ɗagiya. Jinen zinari da maƙera ke sayarwa giram 8 ne, iyar 21. Iyar 21 na nufin cikin kashi 1,000, kashi 875 zinari ne, sauran gauraye. Ke nan kowane jine yana ɗauke da giram 7 na tsantsar zinari. A Maris 2025 farashin oza ɗaya a kasuwar duniya ya haura dala 3,000, a Oktoba kuma ya haura dala 4,000. Oza giram 31.1 ce. A wannan farashi na Oktoba, jine ɗaya ya kai kusan dala 900. In ɗagiya tana da jine 20 kacal, ana maganar giram 160 ne, wajen dala 18,000, ban da ladan maƙeri.

Yanzu kai makiyayi ka juya wannan zuwa shanu a farashin kasuwarku ta wannan mako. Kai ɗan kasuwa ka juya shi zuwa buhunan riɗi ko albasa. Sannan ka tambayi kanka: sau nawa za ta sa ɗagiyar nan a rayuwarta? Sau ɗaya ne, in ta yi yawa sau biyu.

Shi ya sa tun da can ba kowace amarya ake ƙera wa ɗagiya ba. Gidan da ke da ita, ita ce ke zaga dangi da unguwa, wannan ta sa ta mayar, waccan ta ɗauka. Yau kuwa yawancin waɗanda kuke gani suna walƙiya a hotunan biki falso ne, wato tagulla ce aka yi wa ruwan gwal, kuma haya aka yi. Ke uwar amarya, kin ce kayan aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne, amma wannan karin maganar a kan zanen da za a ɗaura kullum aka yi ta. Abin da za a cire kafin asuba ba katara zai rufe ba. Abin kunya shi ne a gama biki ango ya tare da bashi, amarya ta tare babu ko ɗan kunne nata na kanta.

Abin da yaƙi ya koya mana

Ba sai an tuna wa kowa ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023, Madani ta fita hannun soja a Disamba 2023 ta dawo a Janairu 2025, Sinja ta fita a ƙarshen Yuni 2024 ta dawo a Nuwamba. A tsakanin nan mutane sun bar gidajensu, wasu suka yi Gadarif, wasu Damazin, wasu suka tsallaka Rank ko Habasha. Abu biyu aka gani game da zinarin mata. Na farko, shi masu kwace ke fara nema. Na biyu, wadda ta tsira da zobe ko 'yan kunne, da su ta biya kuɗin mota, ta sayi magani, ta ciyar da yara.

Darasin a fili yake. Zinarin da ke ceton mace ƙarami ne, mai saukin ɓoyewa, wanda za a iya sayar da ɗaya a bar ɗaya. Babbar ɗagiya da duk gari ya gani a Facebook ba ajiya ba ce, talla ce. Don haka in Allah ya hore, a saya mata fidwa, ko zumam, ko jine ɗaya ko biyu. In bai hore ba, tunkiya biyu da sunanta ma ajiya ce, kuma ita tana haihuwa, zinari ba ya haihuwa. Kada a sayar da saniya mai ciki ko uwar garke saboda daren da bai wuce awa biyar ba.

In za a sayi na ajiya

Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Ga abin da za ku kula da shi a shagon maƙeri, ko a Sinja ne, ko Sinnar, ko Damazin:

1. Duba hatimi. Iyar 21 ana buga masa 21 ko 875, iyar 18 kuma 18 ko 750. Hukumar kula da inganci da ma'auni ta Sudan ce ke da alhakin gwada zinari da buga masa hatimi. Amma hatimi kaɗai bai isa ba, don ana buga na ƙarya.

2. A goga a dutsen gwaji a ɗiga ruwan gwaji a gabanka. Maƙerin kirki ba ya jin haushin wannan. In kana shakka, kai wa maƙeri na biyu da ba shi da alaƙa da na farko.

3. Mayen ƙarfe ba ya jan zinari. In ya ja, an gama magana, jabu ne. Amma in bai ja ba, kada ka yi murna tukuna, don tagulla ma ba ya jan ta.

4. A auna zinari shi kaɗai. Dutse, zare, ƙyallen da aka ɗinka a ciki, duk ba zinari ba ne. In aka auna da su, ka sayi zare a farashin gwal.

5. Tambayi masana'iyya, wato ladan ƙira, daban da kuɗin giram. Ranar da za a sayar, wannan ladan ba ya dawowa. Kayan da suka sha zane da ƙawa sun fi cin lada, jine kuwa ladansa kaɗan ne. Jinen da aka huda ko aka like masa kunne, mai saye zai rage masa daraja.

6. Karɓi fatura mai ɗauke da nauyi, da iya, da kwanan wata, da sunan amarya. In da Bankak ka biya, adana saƙon. Ɗauki hoton duka a waya.

7. In za a ba da tsohon zinari a karɓi sabo, a kula. Shari'a ta ce zinari da zinari sai nauyi ya zo ɗaya, kuma hannu da hannu. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a sayar da tsohon a karɓi kuɗi, sannan a sayi sabon.

Sai maganar da ake yawan yin shiru a kanta: na wa ne? In a cikin sadaki ko shela ya zo, ko iyayenta suka ba ta, nata ne, miji ba shi da ikon sayarwa sai da yardarta. In na uwar miji ne aka ba ta ta sa na kwana bakwai, a faɗa a gaban mutane tun ranar. Aure da yawa ya girgiza saboda wannan ta ɗauka kyauta ce, waccan ta ɗauka aro ne.

Game da zakka, nisabin zinari miskali 20 ne, wajen giram 85. A mazhabar Malik, adon da mace ke sawa babu zakka a kansa, amma wanda aka ajiye don ciniki ko don gudun wata rana, hukuncinsa daban. Wanda zinarinsa ya kai haka, ya zauna da malaminsa.

Ga masu azurfa

Babban kwabon azurfar nan mai hoton wata sarauniya, wanda a nan ake ce wa riyal Abu Nukɗa, kuɗin ƙasar Ostiriya ne, kuma sarauniyar ita ce Mariya Tereza. Ya daɗe yana yawo a kasuwannin Sudan da Habasha da ƙasar Hausa. Duk wanda ka ɗauka za ka ga an rubuta 1780, shekarar da ta rasu. Kada dillali ya ruɗe ka da wannan, don an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zamaninmu. Darajarsa tana cikin azurfarsa ne: nauyinsa giram 28, kuma kashi 833 cikin 1,000 azurfa ce. Wanda ya sha hannu zai ɗan ragu, amma in ka ga ya gaza da yawa, ko mayen ƙarfe ya ja shi, ajiye masa abinsa. Kwabban da uwa ta kitsa a nata bikin, in suna nan, babu abin da ya fi su a kan 'yarta. Wanki kawai suke so.

In za a ara ko a yi haya

Nan ne zumunci ke lalacewa, saboda ana jin nauyin ƙirgawa. Ku ƙirga. Jine nawa ne a jikin ɗagiya, sarƙa nawa, dutse nawa ya riga ya faɗi? A ɗauki hoto gaba da baya, a sa mutum biyu su gani, a faɗi ranar mayarwa. A faɗi kuma ƙarara ko zinari ne ko falso, kada a karɓi tagulla a zo ana neman gwal.

Malaman Malikiyya sun bambanta aro da haya. Wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa, kamar kayan ado, in ya ɓace shi zai biya, sai in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Mai haya kuwa amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya wuce abin da aka yi da shi. Don haka a san da wanne aka karɓa tun farko.

A naɗa mace ɗaya, gwaggo ko yayar amarya, wadda aikinta ke nan: ita ta ɗora, ita ta cire, ita ta mayar. Wajen rawa da turmutsitsin kai amarya ne ƙananan abubuwa ke zubewa. Kuma a raba falso da humra da karkar da darira. Mai da turare da gumi suna cinye ruwan gwal, a mayar da kaya sun dushe, mai shago ya riƙe kuɗin jingina. A shafa turare ya bushe tukuna, ado ya zo a ƙarshe.

Kai ne zai ɗauka, a tausaya masa

Ke amarya, wannan naki ne. Kada ki ga ɗagiya ko kambi karon farko a ranar biki. A gwada miki tun da sauran mako guda, ki zauna da shi rabin awa, ki sunkuya, ki juya, ki yafa tob a kai. In ya matse goshi ko yana zamewa, ranar biki sai ya ninka haka. In na haya ne, a shimfiɗa siririn ƙyalle mai tsabta a ƙarƙashi.

Ado ya bi kitso. Ɗagiya tana son mashaɗ ƙanana da suka kwanta. Goggoro yana son gashi a tattare a ƙeya. Kwabba da murjani suna son kitso mai kauri da zai riƙe nauyinsu. Kada a haɗa duka a kai ɗaya: in ɗagiya ta hau, kambi ya jira wata rana. A yi kitso kwana biyu ko uku kafin biki don kai ya saki. Ki gaya wa mai kitso ta sassauta hannu a bakin goshi. Jan gashi da ƙarfi, ga nauyi a kai, shi ke cinye gashin gaba, kuma in abin ya daɗe ana yi, ba ya sake fitowa. Ki zo da matajinki da kibiyarki, saboda makero da ƙwarƙwata ta nan suke bi.

In kin san ɗan kunnen kasuwa yana sa miki ƙaiƙayi ko ruwa, jikinki ba ya shiri da wani ƙarfe da ake kira nikel, wanda ke cikin falso da yawa. Kada ki sa zumam na falso a hujin hanci. A samo na zinari ko azurfa ko da ƙarami ne.

Babban gargaɗi kuwa a kan baƙin rini ne, sibga ta dutse, wadda ake zubawa a lalle ko a gashi don ya yi baƙi da wuri. Likitocin Sudan sun daɗe suna kuka da ita. Tana ƙona fata, tana kumbura fuska da maƙogwaro, tana taɓa ƙoda, kuma in yaro ya haɗiya tana kisa. Jan lalle na ganye ya fi aminci. Duk rinin da za a sa a gashi, a gwada ɗan kaɗan a bayan kunne a jira kwana biyu. In bayan an shafa fuska ta fara kumbura ko numfashi ya yi wuya, babu jiran a gama biki, sai asibiti.

Kada kuma ado ya hana salla. Hadisi ya hana ƙarin gashi, malamai kuma sun yi bayani dabam-dabam a kan zaren da ba ya kama da gashi, irin baƙin zaren siliki da iyayenmu ke kitsawa. A littattafan Malikiyya, kitson da aka cika shi da zare sai an warware shi don alwala da wanka. A zaɓi abin da ake cirewa cikin sauƙi, a tsara lokacin ɗorawa tsakanin salloli.

Ga 'yan kasuwa da masu tsallaka iyaka

Kai mai shago, kana neman abin da zai kawo riba a wannan kaka? Saiti biyu ko uku na falso mai kyau, kana ba da haya, sun fi maka tara kayan da za su kwana a kanta. Amma faɗi gaskiyar kayanka. Ka ce falso ne, ka faɗi yadda ake kula da shi. Mace ɗaya da ka yaudara za ta gaya wa gari guda a gidan suna.

Masu kai amarya ta Kurmuk ko Gisan ko Joda: kada amarya ta hau mota da zinari a jiki. A yi mata ado idan an sauka. Hukumomin Sudan suna tsananta wa fitar da zinari, kuma jami'i a shinge ba zai san na biki ne ko na fasa-ƙwauri ba sai da takarda. A riƙe fatura, a tambayi kwastan abin da aka yarda mace ta wuce da shi kafin ranar tafiya, ba a bakin shinge ba. In dangin ango na can suna da ɗagiya, a ara a can, an huta.

Abin da za a riƙe

Kafin a je kasuwa, uba da uwa da wakilin ango su zauna su raba takarda biyu. Hannun dama: abin da zai zauna da ita, da nauyinsa, da sunanta. Hannun hagu: abin da za a mayar bayan biki, da mai shi, da ranar mayarwa. Kuɗi mai yawa ya tafi dama. Duk abin da ba a san ɓangarensa ba, kada a biya kuɗinsa tukuna.

A mako mai zuwa za mu ɗauko maganar shela: me ya wajaba, me aka ƙara daga baya. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku ta hannun wakilanmu a ranakun kasuwa. Allah ya sanya alheri a auren 'ya'yanmu, ya tsare garke da hanya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.